Takardar da Na Buga wa Malam Habibu

Ni ɗan manomi ne, daga wani ƙauye da ke tsakanin Ɗambatta da Makoda. Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya'ya a makaranta, kuma ba su suka aikata abin da na aikata ba. Laifina kuwa ba ɓoyayye ba ne, alƙali ya riga ya karanta shi a gaban jama'a. Matasa nake yi wa wannan rubutu, musamman waɗanda suka ɗan yi boko, jikinsu na nan gida amma zuciyarsu ta riga ta hau jirgi.

Mahaifina gero da gyaɗa yake nomawa, a gonar da iyakarta ke manne da ta maƙwabta ta kowane ɓangare, kamar yadda gonakinmu suke. Bai taɓa cin iyakar kowa ba ko da kunya ɗaya. Ya sa ni karatun allo a zauren Malam Isyaku, limamin unguwarmu, ya kuma sa ni boko. Na yi kwalejin horon malamai, na dawo na kama koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare. Na yi aure, Allah ya ba mu 'ya'ya biyu ni da matata Rabi. Da na ga albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, sai na kama ɗan shago a Ɗambatta, na sa kwamfuta da firinta. In na tashi daga makaranta sai in buɗe, ina buga wa mutane wasiƙu, ina cike musu fom, ina ɗaukar hoton fasfo. Mutane sun yarda da ni. Mutum zai bar min takardar haihuwarsa da sakamakon jarrabawarsa ya shiga kasuwa, bai ko waiwayo ba.

Ina da aboki mai suna Nura, tare muka yi kwaleji. Shi ne na farko a yankinmu da ya tafi wata ƙasa mai nisa a nahiyar Asiya, yana koya wa yara Turanci. A lokacin abin da sauƙi. Mutum kan shiga a matsayin baƙo, ya sami makaranta, su nema masa izinin aiki, ba a cika tonon takardu ba. Nura yakan turo min hotuna: aji mai tsabta, yara cikin riguna iri ɗaya, shi kuma a tsaye da taye a wuya. Kafin shekara biyu ya rushe ɗakin ƙasa na mahaifiyarsa ya gina mata na bulo. Daga nan duk saurayin da ya iya haɗa jimlar Turanci ya fara zuwa shagona yana tambayar hanyar da Nura ya bi.

Sai dokar ƙasar ta canza. Nura ya kira ni wata rana bayan la'asar ya ce an tsaurara bizar malamai baƙi. Yanzu sai mutum na da digiri, da satifiket na musamman na koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, da takardar 'yan sanda mai nuna bai taɓa yin laifi ba, da wasiƙar shaidar ya koyar shekara biyu a gida. Kowace takarda kuma sai an buga mata hatimi a ma'aikata da ofishin jakadanci. Ya ce irinmu sun fi shan tambaya, domin can ba sa lissafa mu cikin masu Turancin gado. Shi kansa lokacin sabunta izininsa ya yi, kuma wasiƙarsa shekara ɗaya da wata huɗu ta nuna.

Ya roƙe ni in mayar masa da ita shekara biyu. Na ce masa abin bai kwanta min ba. Ya ce ai na san ya koyar, ba ƙaryar koyarwa zai yi ba, 'yan watanni ne kawai, kuma in aka koro shi mahaifiyarsa da ƙannensa ne za su ji a jikinsu. Na tashi na yi sallar magariba, na dawo gida na kwana da maganar, da safe na yi masa. Aikin bai ɗauke ni lokacin shan shayi ba. Wasiƙar ta wuce, Nura ya aiko min da sabuwar waya. Ranar da na karɓe ta, abin da ya fi zama min a rai ba wayar ba ce. Daɗi na ji cewa ni, a wani ɗan shago a bakin kasuwa, na ruɗi manyan ma'aikatan wata ƙasa da ban taɓa gani ba.

Bayan wata biyu Nura ya turo min hoton satifiket ɗinsa na koyarwa, wanda shi na gaskiya ne, ya ce in cire sunansa in sa na wani ɗan'uwansa. Wannan karon ban kwana da maganar ba. Daga nan na shiga Kano na sa aka sassaƙa min hatimai, ina ce wa mai yin su na makarantarmu ne. Na koyi irin takardar da ake buga digiri a kai, na koyi kwaikwayon sa hannu. Kafin in ankara an daina kirana malamin Turanci, sai Malam mai biza. Na ajiye koyarwa, na faɗaɗa shago, na sa labule a ɗakin ciki.

Rabi ta ga canji a cefane da tufafi, ta tambaye ni wane irin aiki ne ya buɗe haka. Na ce mata cike fom ne na masu tafiya waje. Ta ci gaba da tsince shinkafa, can ta ce, "Malam, wane irin fom ne sai an kulle ƙofa ake cike shi?" Na yi mata faɗa na ce ba ta san harkar ba. Ba ta ƙara tambaya ba, amma na lura duk atamfar da na kawo mata a wannan shekarar a akwati take ajiyewa, ba ta kai wa tela.

Ba duk wanda ya zo wurina ne ya tafi ba. Da yawa na karɓi abin hannunsu alhali na san ko gaisuwar Turanci ba za su iya fitarwa a gaban jami'i ba. Wani ya sayar da shanun huɗa, wani ya sayar da babur ɗin da yake ci da shi. In sun zo sai in ce ana kan aiki, ofishin jakadanci ne ke jan ƙafa. Dokar da aka tsaurara ta zama min bargo, duk wanda ya matsa sai in ce ai ka ji yadda suka ƙara wuya. Waɗannan duk na zalunce su, kuma ina neman gafararsu. Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne mutumin da ban karɓi ko sisinsa ba.

Malam Habibu ɗan Malam Isyaku ne, malamin da ya koya min alif da ba. Na girme shi da shekara uku. Yana da digirinsa na Turanci na gaskiya, ya yi shekara biyar yana koyarwa a Makoda, ɗalibansa na cin jarrabawa. Shi da kansa ya nemi aiki a wata makaranta a waccan ƙasar, suka yi masa tambayoyi ta waya suna kallon juna, suka ɗauke shi. Ya zo shagona ne kawai in ɗauki hoton takardunsa in tura masa. Muna hira ya ce komai ya cika sai satifiket ɗin nan na koyarwa. Kwas ɗin wata uku ne, makarantar kuma tana son ya iso cikin mako shida. Ya ce zai rubuta musu su yi haƙuri, in da rabo sai baɗi.

Ni na hana shi rubuta wasiƙar. Na ce masa guri ba ya jiran mutum, kafin baɗi sun ɗauki wani. Na ce shi da ya fi masu ba da satifiket ɗin iya Turanci, me zai koya a wata uku. Na ce mutum nawa na tura, ko ɗaya ba a dawo da shi ba. Ya ce, "Yaya, Baba ba zai so wannan ba." Na ce ba sai Malam ya sani ba, kuma in ya isa can ya yi kwas ɗin a hankali ya musanya takardar, shi ke nan kamar ba a yi ba. Ya tashi ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo, ya tsaya a bakin labule bai shigo ba, ya ce in yi.

Da ya ciro kuɗi na ce ya mayar, tsakaninmu babu wannan. Ya ɗauka zumunci ne. Gaskiyar magana ita ce, a lokacin mutane sun fara gunaguni a kaina, kuma na san in aka ji ɗan liman ya tafi ta hannuna, bakin kowa zai mutu. Haka kuwa aka yi. Juma'ar da ta biyo bayan tafiyarsa, Malam Isyaku ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, a gaban dattawan gari har da mahaifina, ya gode min da na taimaki ɗansa da cike takardu, ya yi min doguwar addu'a. Na durƙusa ina amin. A makon nan sababbin mutane suka cika shagon.

Habibu ya ajiye aikinsa na Makoda ya tafi, ya bar matarsa da ɗansu ƙarami a gidan mahaifinsa. Ya yi kusan shekara yana koyarwa. Ya taɓa turo min muryar ɗalibansa, ya koya musu suna cewa sannu da aiki cikin wata irin Hausa mai ban dariya. Kwas ɗin kuwa bai samu ya yi ba, aiki ya sha masa kai, kuma takardar ta riga ta shiga fayil ɗinsa. Da lokacin sabunta biza ya zo, hukumar can ta fito da sabon tsari: ba duba hatimi kawai suke yi ba, tuntuɓar makarantar da ta ba da takarda suke yi da lambar da ke jiki. Lambar da ke kan satifiket ɗin Habibu ta Nura ce. Ban taɓa damuwa in canza ta ba, a kan takardun mutane da yawa na bar ta. Nura ya ji ƙishin-ƙishin ya tsallaka wata ƙasa, har yau ban sake jin muryarsa ba. Habibu kuwa da hantsi aka zo aka fitar da shi daga aji, yara na kallo. Ya yi makonni a tsare, aka buga wa fasfonsa hatimin hana shiga, aka sa shi a jirgi. Har digirinsa na gaskiya sai da suka rubuta cewa suna shakkarsa.

Ya dawo ana cikin cirar gyaɗa. Na yi ta zaman jiran ya zo ya ci min mutunci, bai zo ba. Mun haɗu a wata jana'iza, ya miƙo min hannu ya ce ya iyali, kamar yadda ya saba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ni kuma ko sau ɗaya ban taka gidansu ba, sai ma na riƙa canza hanya ina bi ta bayan rumbuna.

Bayansa aka dawo da wasu mutum biyu. Su ba su yi shiru ba, suka haɗu da waɗanda nake ta yi wa gobe-gobe suka kai ƙara. Ranar kasuwa 'yan sanda suka zo, gari cike da mutane. Suka ɗauki kwamfuta da firinta, suka zazzage gwangwanin madarar da nake ɓoye hatimai a ciki a kan tebur. Aka bi da ni ta cikin masu awon hatsi zuwa mota. Wani dattijo da na saba buga wa wasiƙar fansho ya kawar da kai don kada mu haɗa ido.

A kotu an kira Habibu shaida. Lauyan gwamnati ya so ya nuna cewa yaudararsa na yi bai sani ba, kuma da ya amsa haka da sunansa ya ɗan wanku. Sai ya ce, "Ya faɗa min ba ta gaskiya ba ce, ni kuma na karɓa da hannuna." Alƙali ya ɗago ya dube shi, ya rubuta. Ni na amsa laifina duka. Aka yanke min shekara uku, aka kuma sayar da abin da na tara don a rage wa mutane asara.

Ba zan tsawaita a kan gidan yari ba. Cunkoso ne da zafi da ƙaiƙayi, da tuwon da ba ka sanin na wane hatsi ne. Rabi ta koma yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tana riƙe yara, takan zo duk bayan wata biyu. Ita ta faɗa min mahaifina ya daina zama a majalisar ƙofar gida, daga gona sai ɗaki.

Ina wata na bakwai aka ce ina da baƙo. Na fito na tarar da Malam Isyaku, da sandarsa, ya sha hanya a motar haya tun daga ƙauye. Na kasa zama a benci, na tsuguna a ƙasa. Ya tambayi lafiyata, ya tambaya ko ina samun yin salla a kan lokaci. Sannan ya ce abu ɗaya ne ya kawo shi. Habibu ya ce masa ban karɓi komai a wurinsa ba, shi kuma ya rasa gane me ya sa na yi, tun da ba kuɗi ba ne. Na so in ce taimako ne. Amma na gaji da ƙarya, sai na faɗa masa gaskiya, cewa sunansa nake so ya rufa min asiri a wurin mutane.

Ya dubi kan sandarsa. Can ya ce, "Ashe ni ka sayar, yaron ya biya." Ya ce addu'ar da ya yi min a ƙofar masallaci bai janye ta ba, don shiriya ya roƙa min, kuma har yanzu ita nake bukata. Nasa haƙƙin ya yafe. Na Habibu kuwa ba shi da ikon yafewa, sai in na fita in neme shi da kaina. Ya ajiye min ƙullin dabino ya tafi. Tun ranar da aka kama ni ban yi kuka ba sai a wannan rana.

Daga nan na fara koya wa fursunoni karatu da rubutu a ƙarƙashin wata rumfa, da gawayi a jikin bango kafin a samo mana allo. Akwai wani magidanci da ya kai shekara hamsin, ranar da ya rubuta sunansa da kansa ya yi ta zagaya yadi yana nuna wa mutane. Na tuna cewa wannan ne aikina na asali, kuma na iya shi, ni na watsar. A shekara ta biyu mahaifina ya rasu. Sai bayan kwana tara labari ya iso ni. Ban wanke shi ba, ban sallace shi ba, ban kuma ji daga bakinsa ko ya yafe min ba.

Da aka sake ni, na kwana biyu a gida na nufi kasuwar hatsi ta Dawanau, inda aka ce Habibu yake. Gurbinsa na Makoda an cike shi tun tuni, makarantun kuɗi kuma da sun ji labarin fasfonsa sai su ce za su neme shi. Na same shi a rumfar wani Alhaji mai wake, yana yi masa tafinta da masu saye daga kudu, hularsa duk ƙurar buhu. Ya shimfiɗa min buhu na zauna, ya sa aka kawo min ruwa. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har dalilin da ya sa na ƙi karɓar kuɗinsa. Ya ce Baba ya riga ya faɗa masa. Ya ce ya yi shekara guda ba ya son jin sunana, amma da ya zauna ya duba, ya ga ƙafarsa ce ta dawo da shi shagona, ba igiya na sa masa ba. Ya ce ya yafe, in je in nemi sauran.

Har na miƙe zan tafi ya ce bayan dawowarsa ya yi kwas ɗin, don zuciyarsa ta huta. Takardar na gida cikin akwati, ta gaskiya, da lambarsa. "Babu wanda zai tambaye ni ita yanzu," in ji shi. Ba da ɗaci ya faɗa ba. Wata mota ta tsaya, aka kira shi, ya tafi wurin aikinsa.

Sauran na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yafe, wasu sun ce mu haɗu gaban Allah, wani ko zaure bai bari na shiga ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yanzu gonar mahaifina nake nomawa, da yamma ina koya wa manya karatu a ƙofar gida. Babu makarantar da za ta ɗauke ni, na kuma san dalili.

Ku matasa, ba na ce kada ku fita neman halal ba, ƙasar Allah da faɗi. Amma in ƙasa ta ce ga sharuɗɗanta, ko ku cika su ko ku haƙura. In sun ce digiri, ku koma makaranta. In sun ce shekara biyu, ku koyar shekara biyu. In an rufe ƙofar bana, ku tsaya ku yi shiri, wanda ya makara da takardar gaskiya ya fi wanda ya riga kowa da ta ƙarya. Kada ku sayar da gona ko dabba ku miƙa wa wanda ya ce yana da hanya, ku tambayi ofishin da abin ya shafa da bakinku. Ku kuma da kuka iya kwamfuta, ku ji tsoron ƙaramin gyara, kwanan wata ɗaya ko harafi ɗaya, domin hannu in ya saba ba ya tambayar zuciya.

Duk wanda ya ce muku zai gyara muku takarda, ku dube shi da kyau. Zai yi muku fara'a, zai kira ku 'yan'uwa, wataƙila ma ya ƙi karɓar kuɗinku. Na san shi, domin na taɓa zama shi. Ranar da za a zo a fitar da ku a gaban mutane, a ƙasar da ba ku da uwa ba ku da uba, shi yana gida yana cin tuwonsa. Allah ya yafe mana, ya tsare ku da abin da zai sa iyayenku sunkuyar da kai.